Motar da ba ta hayaƙi: Shin rabin gaskiya ƙarya ne?

A wannan watan ina so mu ɗan jingine zancen wane fim ne ya fito da wane littafi ne ya shiga kasuwa, mu tattauna kan wata tambaya da ta shafi duk wanda ya taɓa tallata wani abu da duk wanda aka taɓa yi wa talla. Tambayar ita ce: idan mutum ya nuna maka kaya, duk abin da ya faɗa a kansu gaskiya ne, amma ya bar wani ɓangare bai ambata ba, ya yi maka ƙarya ko bai yi ba? Kada ka yi saurin ba ni amsa. Bari in fara kawo maka misalin da ya sa na ɗauko maganar.

A ƙasar Amurka, tun daga 1970 ake bikin Ranar Duniya a kowace 22 ga Afrilu. Wani sanata mai suna Gaylord Nelson ne ya assasa ta, kuma a karon farko mutane kimanin miliyan 20 suka fito. Daga nan ne aka samu al'adar baje kolin muhalli a fili: a kafa rumfuna a lambun shaƙatawa na gari ko a harabar makaranta, wannan yana raba irin itatuwa, wancan yana koyar da yadda ake mayar da shara taki, wani kuma yana nuna farantan hasken rana. A 2011 wasu ƙungiyoyi uku, wato Plug In America da Sierra Club da Electric Auto Association, suka ƙirƙiro rana guda ta nuna wa jama'a motocin lantarki, a 2014 kuma aka mayar da ita mako sukutum. Abin sha'awa a nan shi ne yawancin masu kawo motocin ba dillalai ba ne. Masu motocin ne da kansu. Mutum zai tuƙo tasa daga gida, ya jera ta a sahu, ya buɗe bonet, ya tsaya a gefe yana jiran masu tambaya.

Tambayoyin kuwa ka san su, domin su ne kai ma za ka yi. Nawa ka saya? Caji ɗaya kilomita nawa yake kai ka? In batirin ya mutu fa? Sai mai mota ya amsa, in ta kama ya ce ka shigo a zaga da kai. Ka ji mota tana tafiya shiru kamar ana tura ta. Yara su durƙusa a baya suna neman salansa, babu. Ba baƙin mai, ba fulogi, ba kafireta. Kowa ya koma gida yana santi.

To, kafin in ce komai, bari in ba wa masu wannan nuni haƙƙinsu, domin suna da hujja mai ƙarfi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma tarihin motar lantarki kansa ya tabbatar da haka. Mutane da dama sun ɗauka sabuwar aba ce, alhali ta girmi kakanninmu. Motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa ɗaya ta lantarki ce, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya tuƙa ta a Faransa a 1899. A wajajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin da ke kan titunan Amurka na lantarki ne. Abin da ya kashe musu kasuwa shi ne arhar motar Ford ƙirar Model T da ta fito a 1908, da arhar fetur, da kuma na'urar tayar da inji da aka fara sa wa Cadillac a 1912, wadda ta raba direba da wahalar juya hannun ƙarfe. Ita kanta matar Henry Ford, wato Clara, motar lantarki take hawa. Amma daga baya aka manta da su tamkar ba a taɓa yi ba.

Masu sha'awar finafinan gaskiya za su iya tuna wani fim na 2006 mai suna "Who Killed the Electric Car?" wanda Chris Paine ya ba da umarni. Labarin wata mota ce, EV1, wadda kamfanin General Motors ya ƙera guda 1,117 tsakanin 1996 da 1999. Bai sayar wa kowa ba, haya kawai ya bayar. Daga baya ya karɓe su, ya niƙe mafi yawansu, yana cewa babu riba a harkar. Waɗanda suka hau motar sun roƙa a sayar musu, aka ƙi. Har jana'izar wasa suka yi mata a wata maƙabarta a Hollywood a 2003. Daga cikin irin waɗannan mutane ne ƙungiyar Plug In America ta tsiro. Darasin da suka koya shi ne abin da jama'a ba su gani ba yana da sauƙin binnewa. In ana cewa mutane ba sa son abu, ta yaya za su so abin da ko sau ɗaya ba su taɓa shi da hannunsu ba? Shi ya sa suka fito da motocinsu fili. Kuma ka san shaidar maƙwabci ta fi ta dillali nauyi, domin maƙwabci ba ya jiran la'ada.

Amfanin da suke faɗa ma ba ƙage ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 4.2 a 2019 kaɗai, kuma hayaƙin ababen hawa yana cikin masu laifi. A Landan, a Disamban 2020, mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abubuwan da suka kashe wata yarinya 'yar shekara 9 mai ciwon asma, wadda gidansu ke kusa da wani babban titi. Ta rasu tun 2013, mahaifiyarta ta yi shekara bakwai tana fafutuka kafin a rubuta hakan a takarda. Kai da ka san Kano kafin a hana acaɓa a 2013 ba ka buƙatar a yi maka dogon bayani. Ka tuna yadda gari ke yin shuɗi da magariba, ido na yaji, maƙogwaro na kaikayi. Wa ya fi shaƙar wannan hayaƙi? Mai shayin bakin titi ne, da yarinya mai tallar gyaɗa, da ɗan sandan da ke ba da hannu. Mai motar yana ciki ya ɗaga gilas. Saboda haka duk abin hawan da zai wuce ta gaban waɗannan bayin Allah ba tare da ya busa musu guba ba, alheri ne, kuma nuna shi ga jama'a aikin kirki ne.

Ga kuma rashin ɓarna. Injin fetur yana ƙona mai ne, amma abin da ke isa ga taya bai wuce kashi 12 zuwa 30 cikin ɗari na ƙarfin man ba, saura duk zafi ne da ke tashi a banza. Motar lantarki kuwa tana kai fiye da kashi 77 cikin ɗari na wutar da ta sha zuwa ga tayoyinta. Wannan ma gaskiya ce, kuma ana faɗarta a wajen baje kolin.

To ina matsalar take? Matsalar tana cikin abin da bonet ba ya nunawa in an buɗe shi.

A ƙarƙashin kujerun motar akwai batir mai nauyin ɗaruruwan kilo. Cikin ma'adinan da ake haɗa irin wannan batir da su akwai litiyam, da yawa kuma akwai kobal. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, musamman yankin Kolwezi. Mafi yawansa manyan kamfanoni ne ke haƙa da injuna, amma wani kaso talakawa ne ke tono shi da diga da shebur a ramuka masu ruftawa. A Janairun 2016 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto kan yaran da ke wannan aiki, ta kawo ƙiyasin UNICEF na 2014 cewa yara kimanin dubu 40 ne ke aiki a mahaƙan kudancin ƙasar, suna samun dala ɗaya ko biyu a yini. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. A hamadar Atakama ta ƙasar Cile, ɗaya daga cikin wurare mafi ƙarancin ruwa a duniya, ana zuƙo ruwan gishiri daga ƙarƙashin ƙasa a shanya shi a manyan tafkuna don a samu litiyam, mutanen yankin kuma sun daɗe suna kukan abin da hakan ke yi wa ruwansu. Kada ka ce abin ya yi nisa da mu. A Disamban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yara ƙanana da ke aikin tsintar litiyam a haramtattun mahaƙai a Jihar Nasarawa.

Abu na biyu, wutar da motar ke sha daga ina take? In daga madatsar ruwa ko hasken rana ne, madalla. In kuwa daga tashar da ke ƙona kwal ne, to hayaƙin bai gushe ba, an dai kai shi unguwar wasu.

Na uku, tsohuwar motar fetur ɗin da mai gida ya rabu da ita, ina ta tafi? Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018, ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Su ne 'yan Kwatano da muke rububi. Wato ana iya share iskar wani gari da tsintsiyar da ke tura ƙurar zuwa namu.

Yanzu sai mu koma kan tambayarmu. Wannan bawan Allah da ya tsaya kusa da motarsa yana cewa ba ta hayaƙi, bai yi ƙarya ba. Da gaske ba ta yi. Amma bai ce komai ba game da Kolwezi, ko tashar kwal, ko tsohuwar motarsa. Shirun nan nasa yaudara ne?

Akwai amsoshi biyu masu sauƙi, kuma duk biyun ban gamsu da su ba.

Ta farko ita ce ta lauya: tunda babu kalmar ƙarya a bakinsa, ba shi da laifi. Amma mai karatu, ka ɗauka za ka sayi gida. Mai gidan ya zaɓi ya zaga da kai a watan Maris, lokacin da ko ɗigon ruwa babu. Ya ce maka ɗakuna huɗu ne, gaskiya ne. Ya ce da rijiya, gaskiya ne. Ya ce kusa da makaranta, gaskiya ne. Bai dai gaya maka cewa da damina ruwan unguwar duka ta tsakar gidan yake bi ba. In Agusta ta yi, ka tashi cikin dare ka tarar da katifarka tana iyo, za ka ce mutumin nan ya yi maka gaskiya? Ba za ka ce ba. Haka mai dalilin aure da ya lissafa wa iyayen yarinya duk kyawawan halayen manemi, ya tsallake cewa ya saki mata uku cikin shekara biyu. Littattafanmu cike suke da irin wannan labari, kuma ba mu taɓa ɗaukar mai dalilin a matsayin mutumin kirki ba. Ashe ana iya gina ƙarya da tubalan gaskiya zalla.

Amsa ta biyu ita ce ta mai ɗacin rai: duk abin munafunci ne, motar lantarki kyan ɗan maciji ce, a bar mu da fetur ɗinmu. Masu wannan ra'ayi suna da abin nunawa. Motar Volkswagen Jetta mai amfani da dizal ta ci lambar yabo ta motar da ta fi kyautata wa muhalli ta shekarar 2009 a baje kolin Los Anjalas. A Satumban 2015 asiri ya tonu cewa kamfanin ya sa wa motoci kimanin miliyan 11 wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwaji ta rage hayaƙi, in an hau titi kuma ta saki abinta, har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Aka ƙwace lambar. To wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma dole ya yi tsalle.

Sai dai wannan amsa ma tana da nata rabin gaskiyar da take ɓoyewa. Shi fetur ɗin daga sama yake faɗowa? Mu 'yan Nijeriya ai bai kamata a tuna mana ba. An rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwamban 1995 bayan gwagwarmayarsu kan abin da haƙar mai ta yi wa ƙasar Ogoni. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyara wannan ƙasa zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ka taɓa ganin wanda ya tsaya a gidan mai yana tambayar daga wace rijiya aka haƙo, kuma kifin wa ya mutu? Sa'annan wanda ba ya tuna yaron Kwango sai in an ambaci motar lantarki, ya laluba aljihunsa, batirin wayarsa ma da kobal aka yi shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai irin wannan magana ba yaron ne ya dame shi ba, ya mayar da shi sanda ne kawai don ya doki abin da ba ya so.

Kuma in an bi lissafi tun daga haƙo ma'adini har ranar da mota za ta zama gwangwan, motar lantarki ce ke da rinjaye. Gaskiya ne ƙera ta ya fi fitar da iskar da ke ɗumama duniya saboda batirin, wato da bashi take fara rayuwa. Amma tana biyan bashin a kan hanya. Wani bincike na cibiyar ICCT a 2021 ya nuna cewa a tsawon rayuwarta, matsakaiciyar motar lantarki tana fitar da ƙasa da ta fetur da kashi 66 zuwa 69 cikin ɗari a Turai, 60 zuwa 68 a Amurka, 37 zuwa 45 a ƙasar Sin, 19 zuwa 34 a Indiya inda kwal ya fi yawa a wutarsu. Ka ga ko a inda abin ya fi muni, ta fi. Ban da haka, akwai batiran da ake haɗawa da ƙarfe da fosfat waɗanda babu kobal a cikinsu ko kaɗan, kuma kamfanonin Sin irin su BYD sun yawaita amfani da su.

To in amsar lauya ba ta yi ba, ta mai ɗacin rai ma ba ta yi ba, ina mafita? Ai babu mai iya faɗar komai da komai game da kayansa. Duk nuni zaɓe ne. Mai ɗaukar hoton fim ma in ya saita kyamara a kan fuskar jaruma, ya bar wayoyi da fitilu da 'yan kallo a waje, kuma ba wanda ya ce ya yi ƙarya, domin ɗan kallo ya san da haka, ya kuma yarda. Saboda haka ba kowane shiru ne yaudara ba. Dole mu nemi ma'aunin da zai raba shirun da ya halatta da wanda bai halatta ba.

A ganina ma'aunin shi ne wannan: shiru yana zama yaudara idan abin da aka ɓoye ya shafi ainihin abin da ake iƙirari. A baje kolin motoci na yau da kullum, abin da ake tallatawa gudu ne da ƙawa da sanyin kujera. Wanda bai yi zancen Kolwezi a can ba, bai taɓa iƙirarinsa ba. Amma a baje kolin muhalli, hajar da aka kasa ita ce tsabta. Sunan taron kansa alkawari ne. Ana ce wa mutum: sayi wannan, hannunka ya fita daga ɓarnar duniya. Wanda ya yi irin wannan iƙirari, nauyin da ke kansa ya fi na dillalin gari, domin da bakinsa ya jawo zancen ɓarna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi, shi ne ma ya fi damuna. A misalin gida mai ambaliya, wanda aka cuta shi ne mai saye. Yana da baki, zai dawo ya yi rigima, ya kai ƙara, ya ɓata wa mai gida suna a unguwa. Tsoron haka kan sa ɗan kasuwa ya faɗi aibin kayansa ko da ba ya so. Amma aibin motar lantarki ba mai saye yake ci ba. Shi motarsa lafiya lau take. Wanda ke biyan kuɗin yana can cikin rami a Kolwezi ko Nasarawa, ko yana zaune kusa da tashar kwal, kuma ba a gayyace shi taron ba. Ba zai taɓa zuwa ya ce a ba shi haƙƙinsa ba. Mafi muni, shi mai sayen ma ba ya son a gaya masa. Ya zo ne ya ji daɗi, ya koma gida da jin cewa shi mutumin kirki ne. Mai nuni ba ya son faɗa, mai kallo ba ya son ji, sai su haɗu a kan shiru kowa na murmushi. Wannan ita ce irin ƙaryar da ake haɗa baki da wanda ake yi wa, kuma ta fi kowace wuyar kamawa, domin babu mai ƙara.

Idan haka ne, me ya kamata mai nunin kirki ya yi? Ba na cewa ya rufe bonet ya koma gida, ko ya rataya hoton yaran Kwango a gilas yana kuka. Abin da nake nema a gare shi ƙarami ne, amma yana da wuya: ya san bambanci tsakanin "ta fi" da "ta tsarkaka", ya kuma tsaya a kan na farko. Ya ce: motar nan ta fi ta fetur, ga dalili, amma ga inda take da bashi. Ya san wane irin batir ne a cikinta, ya san daga ina wutar gidansa take zuwa, in an tambaye shi kada ya kauce, in ba a tambaya ba ya ɗan taɓo. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Hasali ma wanda ya faɗi aibin kayansa da bakinsa an fi yarda da yabon da ya yi musu. Kuma irin wannan magana ce ke taruwa ta zama matsin lamba. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa daga Fabrairun 2027 kowane batirin motar lantarki sai ya zo da takardar shaidar abin da ke cikinsa da asalinsa. Ba shiru ne ya haifi wannan doka ba, tambayoyin mutane ne.

Su ma masu shirya taron akwai tambayar da ke kansu. Akwai motar lantarki ƙirar Hummer da nauyinta ya haura tan 4, batirinta kaɗai ya kai nauyin ƙaramar mota. In an jera ta a sahun gaba don ta fi jan ido, aka tura bas da keke can lungu, me aka koya wa jama'a? An koya musu cewa ba sai sun sauya komai ba, su dai sauya abin da suke zubawa a tanki. Alhali ma'adinan da aka zuba a batirin mutum ɗaya sun isa ƙananan ababen hawa da yawa. Cunkoson titi kuma ba ruwansa da ko motar fetur ce ko ta lantarki.

Wataƙila ka ce, to mu ina ruwanmu, mu da ko wutar guga ba ta ishe mu ba? Da ruwanmu ƙwarai, domin abin ya riga ya iso. A 2024 an sayar da motocin da ake yi wa caji fiye da miliyan 17 a duniya, wato sama da ɗaya cikin kowace biyar. A Norwe, a wannan shekarar, kusan 89 cikin kowace sabuwar mota 100 ta lantarki ce zalla, duk da cewa ƙasar da arzikin mai da gas take taƙama. Habasha ta hana shigo da motocin fetur na hawa a 2024. A nan gida, ɗan Sakkwato Jelani Aliyu shi ne ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna a Ditiroyit a 2007. A lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa ne aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas a 2020, aka kuma buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas masu fetur zuwa na lantarki. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa, duk mai Adaidaita Sahu kunnensa a buɗe yake ga duk abin da zai raba shi da gidan mai.

Don haka za a jera mana su a fili, a sa kiɗa, a yanka kyalle. Mu kuma matsayinmu daban ne da na Ba'amurken da ke lambun shaƙatawa. Mu ne a farkon labarin, inda ake haƙo ma'adinin, mu ne kuma a ƙarshensa, inda ake jibge tsofaffin motoci. Yaron da ba a gayyata ba, a wajenmu ɗan ƙanwa ne. In mun yi shiru, kanmu muka yi wa. Ranar da ka tsaya gaban irin wannan mota, ka yaba, domin ta cancanci yabo. Sa'annan ka tambayi mai ita: da wace wuta zan yi caji? In amsar janareto ce, to an ciro salansa ne daga mota an kai bayan ɗaki, inda yara ke kwana. Ka tambaye shi batirin shekara nawa zai yi, nawa ne sabo, wane bakanike ne ya iya gyaransa, kuma in ya mutu wa zai karɓe shi, ko a bola za a yar kamar yadda ake yi da sauran. Ka tambaye shi ko akwai ƙaramin bas ko keke mai ƙafa uku irinta, wanda talaka zai hau. Kada ka yarda da cinikin biri a sama.

In ya amsa maka tsakani da Allah, har ya ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba, ka riƙe shi, mutumin kirki ne. In kuwa ya ɓata rai ya ce ka cika tambaya, to ka gane cewa amsar tana nan, ba ya dai son ka ji ta. Kai ma ka binciki zuciyarka, ko kana son jin ta. Domin rabin gaskiya ba ya zama ƙarya shi kaɗai, sai ya samu kunnen da ya gwammace a bar shi a haka.

Ina jiran wasiƙunku, musamman masu ganin na yi wa mai nuni tsanani, ko na yi masa sassauci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.